Sha-kauci da Ruwan Sukari: Shayar da Tsuntsayen Fure a Birnin Kudu da Gwaram

Sha-kauci ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda rayuwarsa ta rataya ga ruwan zaƙin da ke cikin fure. Nauyin yawancinsu bai wuce giram 6 zuwa 15 ba, wato kamar ƙwayar sukarin kwali biyu ko uku a tafin hannu. Namijin ne mai ado. Idan rana ta doke shi sai gashinsa ya riƙa walƙiya, kore ko ja ko shuɗi, kamar an shafa masa mai, idan kuwa ya koma inuwa sai a ga kamar baƙi ne kawai. Macen ba ta da wannan ƙawa, launinta toka-toka ne mai ɗan rawaya a ciki, shi ya sa mutane da dama ke ɗaukarta wani tsuntsu daban. Masana sun ƙidaya kusan iri 150 na wannan dangi, daga Afirka zuwa kudancin Asiya har arewacin Ostireliya, kuma mafi yawansu a Afirka suke.

Hotunan da ke yawo a wayoyi, na wani mitsitsin tsuntsu yana tsaye cak a iska yana zuƙar ruwa daga jar kwalba, ba na sha-kauci ba ne. Wannan shi ne wanda Turawan Ingila ke kira hamingbad saboda ƙugin fikafikansa, masu Faransanci kuma su ce kolibiri. Akwai irinsa fiye da 350, amma duk a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina, babu ko ɗaya a dajin Afirka. Mafi ƙanƙantarsu yana Kuba, nauyinsa kusan giram 2. Wasu daga cikinsu suna kaɗa fiffike sau 50 zuwa 80 a daƙiƙa guda, suna iya tashi da baya, akwai kuma wanda ke ratsa tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 800, ba tare da ya sauka ba. Wanda ya rantse ya ga irin wannan a lambun Gwaram da magariba, mai yiwuwa wani ƙwaro ya gani, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai kaurin jiki, wanda shi ma yake tsayawa a iska ya zura dogon harshe cikin fure. Hamingbad da sha-kauci ba dangin juna ba ne. Abinci ɗaya ne ya sa suka yi kama, kamar yadda sana'a ɗaya kan sa maƙeran garuruwa biyu su yi kantar hannu iri ɗaya. Babban abin da ya raba su a ido shi ne sha-kauci ya fi son ya sami reshe ya dafe kafin ya sha, tsayuwarsa a iska ba ta daɗewa.

Ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram tana cikin wuraren da suka fi dacewa da wannan tsuntsu a Jihar Jigawa. Nan ne kudancin jihar, daura da iyakar Bauchi, inda ruwan sama ya fi na Maigatari ko Babura yawa, kuma har yanzu gonaki ba su rabu da manyan itatuwa ba: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, gawo da rimi. Ga duwatsun Birnin Kudu, waɗanda zanen mutanen da can ya sa sunansu ya fita duniya, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda kurmi kan tsira a tsakanin faƙo da kogo garma ba ta isa gare shi. Ga kuma kogin da ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Gwaram ya nufi Jama'are, da lambunan rani da ke bakinsa. Iri uku ne mai lura zai fi cin karo da su a irin wannan ƙasa. Na farko baƙi-baƙi ne mai jan ƙirji jawur da ɗan kore a goshi, shi ne mafi girma, kuma ba ya sauya riga duk shekara. Na biyu kore ne shar mai jan tabo a ƙirji da rawaya a gefe, da dogayen gashin wutsiya guda biyu. Da damina yake yin wannan ado, lokacin aurensa, da rani kuwa ya dusashe. Na uku shi ne ƙaraminsu, gajeren baki gare shi, bayansa kore cikinsa rawaya kamar ƙwaiduwa, shi ma da doguwar wutsiya, amma nasa adon da rani yake fitowa, domin a lokacin yake sheƙa.

Sunan da Bahaushe ya ba sha-kauci ya nuna an daɗe ana kallonsa da idon basira. Kauci shi ne tsiron nan da ke fitowa a kan reshen wata bishiya yana shan ruwanta, wanda masu magani ke nema suna bambanta kaucin tsamiya da na kaɗanya da na ɗorawa. Furensa siriri ne kamar tsinken ashana, ja ne, da ɗan kumburi a kai, kuma a rufe yake fitowa. Idan ya nuna sai kan ya sauya launi. Sha-kauci ya san wannan alama. Yana sauka sai ya taɓa kan furen da baki, nan take furen ya tsage ya buɗe da ƙarfi, ya watsa masa garin fure a goshi, shi kuma ya zura baki ya sha rabonsa. Da ya isa wani kaucin sai ya goga garin a can, barbara ta auku, 'ya'ya su ƙullu. Daga nan wani ɗan tsuntsu daban ne yake haɗiye 'ya'yan, ya fitar da ƙwallon mai danƙo ya goge shi a jikin reshe, sabon kauci ya tsira. Mai kaɗanya ba zai ji daɗin wannan labari ba, don kauci idan ya yi yawa yana raunana bishiya har ya rage mata 'ya'ya. Maganin wannan shi ne sare reshen da ya kamu, ba kashe tsuntsun ba, domin shi ɗin ne kuma yake yi wa minjirya da gurjiya da wasu itatuwa masu yawa irin wannan hidima, kuma yana rage ƙwarin lambu.

Harshen sha-kauci ma abin kallo ne: dogo ne, a naɗe kamar bututu, ya rabu a tsini, yana shiga yana fita cikin fure da saurin da ido ba ya kamawa. Idan furen ya fi bakinsa zurfi, sai ya huda shi ta gindi ya sha ta ɓarauniyar hanya. Ruwan furen da tsuntsaye ke sha yawanci sukarin cikinsa kashi 15 zuwa 25 ne cikin 100, sauran duk ruwa. Binciken da aka yi a Jami'ar Firitoriya ta Afirka ta Kudu ya nuna sha-kauci yana narkar da kusan dukkan sukarin da ya sha, kuma idan ruwan ya tsinke yakan ƙara yawan sha, har ya sha abin da ya ninka nauyin jikinsa a yini guda. Jiki ne mai ƙona abinci da sauri, ba shi da rumbu. Shi ya sa namiji ke tsare bishiya mai fure yana korar 'yan'uwansa tun safe. A 1975 wasu masana biyu, Gill da Wolf, sun bayyana cewa wani irin sha-kauci na ƙasar Kenya yakan tsare fure kusan 1,600, daidai abin da zai ishe shi yini, ba ya wahalar da kansa a kan abin da ya wuce haka.

Amma zaƙi kaɗai ba ya raya shi. Ruwan fure ƙarfi yake bayarwa, ba ya gina tsoka ko gashi. Don haka sha-kauci yana bin ganye yana tsintar ƙananan ƙwari da tsutsa da gizo-gizo, kuma da su ake ciyar da 'yan tsaki a sheƙa. Sheƙar kanta ta dogara da gizo-gizo. Macen ce ke saƙa ta, 'yar jaka mai ƙofa a gefe da ɗan rufi a saman ƙofar, a rataye a tsinin reshe, an ɗaure ciyawa da busasshen ganye da yanar gizo, an shimfiɗe ciki da abu mai laushi irin audugar rimi ko ta tumfafiya. Daga nesa sai a ɗauka tarkacen da iska ta maƙala ne. Ƙwai ɗaya ko biyu take sakawa. Duk gidan da ake feshin maganin ƙwari a kan kowace shuka, ko da an cika shi da kwalaben sukari, ba zai ga sheƙar sha-kauci ba.

Al'adar rataya wa tsuntsu ruwan sukari ta fi ƙarfi a Amurka da Kanada, inda ake sayar da kwalaben a kantuna, har ta taimaka wa wani irin hamingbad na Kalifoniya ya faɗaɗa mazauninsa zuwa arewa, yana yin hunturu a yammacin Kanada inda a da ba a san shi ba. A Afirka ta Kudu kuwa sha-kauci ake rataya wa, kuma ya karɓa hannu biyu. A ƙasar Hausa abin da aka gada ya ɗan bambanta: kaskon ruwa a gindin bishiya don kaji da tattabaru, wanda kurciya da sauran tsuntsayen daji kan zo su sha, da watsa tsaba da niyyar sadaka. Tushen abin sananne ne, domin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi yana cikin Bukhari da Muslim, kuma malamai suna kafa hujja da shi a kan ladan tausaya wa duk mai rai. Ruwan sukari ƙari ne a kan wannan, ga tsuntsun da ba ya cin tsaba.

Haɗin ba shi da wuya. Awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa, da mazubi guda: idan ƙaramin kofin shayi ne, to kofi ɗaya na sukari, huɗu na ruwa. Wannan yakan ba da zaƙi kusan kashi 18 zuwa 20 cikin 100, daidai da na fure. A tafasa ruwan, a sauke, a zuba sukarin a juya har ya narke, a rufe a bar shi ya huce sarai. Ba a barinsa a kan wuta yana ta tafasa da sukarin a ciki, don ruwan zai ƙone zaƙin ya yi yawa. Ƙara sukari da nufin kyautatawa ba gwaninta ba ne. Abin da ya yi kauri yana wuyar zuƙa, kuma ƙudan zuma ya fi ja.

Abubuwan da ba a sakawa sun fi abin da ake sakawa muhimmanci, kuma a nan ne mai kyakkyawar niyya ya fi yin kuskure. Zuma ita ce farkon abin da zai zo wa mutum a rai, tunda daga fure ta fito, ga ta kuma da daraja a addini da magani. Amma zumar da aka tsinka da ruwa tana saurin lalacewa, funfuna da ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a cikinta, su kama harshe da maƙogwaron tsuntsu. Mazarƙwaila da sukari mai ruwan ƙasa suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da wasu abubuwan da jikin masu shan fure bai saba da yawansu ba, kuma su ma suna saurin tsami. Sakarin ɗin da wasu masu ƙanƙara da kunun sayarwa ke amfani da shi yaudara ce tsantsa: tsuntsu zai cika ciki da ruwan da babu ƙarfi a cikinsa ko kaɗan. Akwai ma wani sukarin masu ciwon suga da ake kira zailitol, wanda aka sami rahoton ya kashe tsuntsayen fure a Afirka ta Kudu bayan an zuba musu shi a kwalba. Haka nan lemon kwalba, zoɓo, garin lemo na leda da kalar da ake zuba wa abin sha, duk babu wurinsu a nan. Gaskiya ne ja yana jan hankalin sha-kauci, to amma a jikin kwalbar ake sa jan, ba a cikin ruwan ba.

Kwalbar ma ba sai an saya ba. Ƙaramar kwalbar gilashi mai faɗin baki ta fi, don ta fi roba sauƙin wankewa kuma ba ta riƙe wari. Ana huda murfinta huda ɗaya ko biyu, faɗin tsinken tsintsiya mai kauri, yadda bakin tsuntsu zai shiga amma ƙudan zuma ba zai iya ba, a goge bakin hudar kada ya yi kaifi. Idan murfin ja ne, shi ke nan. Idan ba ja ba ne, a ɗaura jan ƙyalle ko jan zare a wuyan kwalbar. Sai a ɗaure ta da waya a ɗan karkace, a cika ta har kusa da murfi yadda harshe zai tarar da ruwan, a kuma ɗaura ɗan kara a gaban hudar domin tsuntsu ya sami wurin dafewa. Wannan ɗan karan shi ne abin da masu kwaikwayon hotunan Amurka ke mantawa, sai su yi ta mamakin me ya hana tsuntsu zuwa. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir, maganin feshi ko maganin asibiti ba ta shiga wannan aiki, komai wankin da aka yi mata.

Wurin ratayewa shi ne inuwa, a reshen da ya fi tsayin mutum kaɗan, kusa da wata shuka mai fure da tsuntsun ya riga ya saba zuwa, kamar zogale ko gwanda, nesa da katanga ko rufin da kyanwa za ta iya maƙewa ta yi tsalle. Kwanakin farko ba a ganin kowa. Wata safiya sai a ji ɗan kuka siriri mai sauri daga cikin ganye, namiji ya sauko reshe-reshe yana karkata kai, ya taɓa jan ƙyallen, ya koma, ya dawo. Ranar da bakinsa ya faɗa hudar, ya gane ke nan, kuma zai riƙa zuwa kusan lokaci ɗaya kullum. Idan ya fara korar wasu, sai a rataya ta biyu a inda ba ya hango ta daga ta farko.

Tsafta ce wuyar aikin, kuma zafin ƙasar nan ba ya yafiya. Littattafan Turawa kan ce a sauya ruwan bayan kwana biyu ko uku, amma wannan lissafin ƙasar sanyi ne. A Birnin Kudu cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan sukarin da aka zuba da asuba yana iya fara tsami kafin magariba, kamar yadda kunun zaƙi ke yi idan ya yini a waje. Ƙa'idar da ta dace da bazara ita ce a zuba kaɗan da safe, a zubar da ragowar da yamma, a wanke kwalbar a kife ta. Da hunturu ana iya kaiwa kwana biyu, sai dai ƙurar da iska ke kawowa takan tilasta a sauya kafin nan. Wankin da ruwan zafi ake yi da ɗan burushi, ko a zuba yashi mai tsafta da ruwa a girgiza, a ɗauraye sosai. Idan an sa sabulu, to kada a bar ko ɗigonsa. Ruwan da ya yi gajimare, ko ya fara kumfa, ko aka ga baƙin ɗigo a cikin murfi, ya riga ya zama cuta. Ragowar haɗin yana iya yin mako a firiji idan wuta ta tsaya, amma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa gara a haɗa na yini ɗaya kawai, cokali ɗaya na sukari da huɗu na ruwa. Hukuncin a nan ba shi da sassauci: wanda ba zai iya wanke kwalba kullum ba, kada ya rataya ta. Rashinta bai taɓa kashe sha-kauci ba, ƙazantarta kuwa tana kashewa.

Shazumami da kiyashi za su gano kwalbar kafin tsuntsu. Maganinsu shi ne a ratsa wayar ratayewa ta tsakiyar wani murfin roba, a toshe hudar da kyau, a cika murfin da ruwa, ya zama musu kogin da ba su iya ƙetarewa. Ba a shafa man inji ko maganin ƙwari a waya, domin yana iya taɓa gashin tsuntsu. Ƙudan zuma da rina kuwa yoyo ne ke kiransu, don haka a goge jikin kwalbar bayan an zuba. Idan suka yi dafifi, musamman a unguwar da ake rataya amya, a sauke kwalbar kwana biyu ko uku. Sauran barazanar ita ce yara masu danƙo, waɗanda tsuntsun da ya saba da wuri ɗaya ya zama musu banza ta faɗi. Yaron da aka damƙa wa aikin wanke kwalba da ƙidaya masu zuwa sha, da wuya ya sake ɗaga danƙo a kansu.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a ajiye kwalbar gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a gefen birnin Kef Tawun, ya gano cewa kwalaben sukari na iya janye sha-kauci daga wasu furannin daji, ziyarar da suke samu ta ragu. Ma'ana, abin da aka yi don tausayi yana iya rage wa tsiro mai yi masa barbara. A kudancin Jigawa shekara ba ta rasa fure gaba ɗaya: gawo yana yi bayan ɗaukewar ruwa, rimi da kaɗanya da gurjiya da minjirya suna yi da hunturu, ɗorawa tana sako jajayen tuntayenta wajen Fabrairu da Maris, tumfafiya da zogale kuwa kusan ba sa hutawa. Da damina abinci ya wadata ko'ina. Inda ake samun giɓi shi ne tsakiyar bazara, da kuma cikin gari inda aka sare itatuwa aka yi gini, da gonakin da masu gawayi da masu itacen sayarwa suka share. A irin waɗannan wurare da lokuta ne kwalba take da amfani na gaske.

Abin da ya fi kwalba ɗorewa shi ne shuka. Minjirya tana kamawa daga reshen da aka sara aka kafa, ta zama shinge, ta yi jan fure a lokacin da ƙasa ta bushe. Zogale biyu a bayan ɗaki suna ba gida miya, su ba tsuntsu fure da ƙwari. Gwanda, ayaba da tsiron zabuwa a bakin wurin wanke-wanke suna rayuwa da ruwan da dama zubarwa za a yi. Kasko marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki, ana sauya ruwansa kullum saboda sauro, yana amfanar sha-kauci da sauran tsuntsayen unguwa baki ɗaya. Masu waya a hannu kuma suna iya taimaka wa ilimi: cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana tattara bayanan inda ake ganin kowane irin tsuntsu a Nijeriya ta hannun masu sa kai, kuma abin da aka gani a tsakar gida a Sara ko Basirka yana da ƙima a wannan lissafi kamar abin da aka gani a dausayin Baturiya.

Ga mai son farawa a bana, lokacin da ya dace shi ne daga ƙarshen Maris zuwa saukar ruwan farko: kwalba ɗaya a inuwa, awo ɗaya na farin sukari da huɗu na ruwa, wanki kowace yamma, sannan idan damina ta kankama a sauke ta, a kafa reshen minjirya a gurbinta.